Wa ya ce kallon tsuntsu zaman banza ne?

A ƙarshen watan Mayu, da shamuwa ta sauka kan tsamiyar da ke bayan makarantarmu, na yi wani abu da har yanzu ake yi mini magana a kansa. Na fitar da ƴan ajina, yara 50 da ƴan kai, na zaunar da su cikin inuwa nesa kaɗan da itacen, na ce kowa ya buɗe kayensa ya rubuta abin da idonsa ya gani. Sau nawa shamuwa ta sauko? Me ta riƙo a baki, tsinke ne ko abinci? Wa ke zama kan sheƙa idan ɗaya ta tashi? Minti 30 ne, sau biyu a mako. Da muka koma aji sai na ba su labarin wani Bature da ya ƙare rayuwarsa yana kallon tsuntsayen bakin teku, har duniya ta ba shi lambar yabo mafi girma ta kimiyya.

Ba a yi kwana goma ba sai ga mahaifin wata yarinya a bakin aji. Bayan mun gaisa ya ce: "Mushe, mun kawo maka yara lakwal ka koya musu karatu, kai kuma ka mai da su makiyayan tsuntsu? Wannan ta koma gida tana cewa ita karatun tsuntsun teku za ta yi. Ina teku a Nijar? Ko a tafkin Madarunfa za ta samo shi?" Na ce: "Alhaji, a yi haƙuri, a zauna in yi bayani." Ya ce sauri yake yi. A makon da ya biyo, wani na gaba da ni a wurin aiki ya ja ni gefe, ya ce abin da nake yi ba ya cikin tsarin karatu, in bar ɓata lokacin yara.

Bayanin da Alhaji bai tsaya ya ji ba, shi zan yi a nan, domin na san ba shi kaɗai ke da wannan ra'ayi ba. Iyaye da yawa, har da malamai ƴan uwana, suna ganin ilimi iri huɗu ne kawai: na likita, na injiniya, na lauya, da na wanda zai shiga duwan. Sauran duk wasa ne. Ni kuwa ina cewa wannan tunani kuskure ne, kuma kuskuren yana ci mana hatsi a gona.

Baturen da na ba yara labarinsa shi ne Niko Tinbergen, ɗan ƙasar Holan, wanda aka haifa a 1907 ya rasu a 1988. Yana yaro ba ya cikin zakarun aji. Hankalinsa yana bakin teku da cikin tuddan rairayi, wurin tsuntsaye da ƙwari. Da a garinmu yake, da an ce yaron nan ba zai yi albarka ba. Ya yi karatu a jami'ar Layden, ya samu digirin dokta a 1932 a kan wani irin zanzaro mai gina rami cikin rairayi. Tambayarsa ita ce: yaya wannan ƙwaro ke gane raminsa cikin ɗaruruwan ramuka? Sai ya kewaye ramin da ƴaƴan itace, ya bar zanzaron ya saba da su. Da ya tafi farauta, sai Tinbergen ya gusar da da'irar gefe kaɗan. Zanzaro ya dawo ya nufi tsakiyar da'irar, inda babu rami. Ashe alamomin ƙasa yake haddacewa. Ku duba kayan aikin: ƴaƴan itace, rairayi, ido da haƙuri.

Bayan yaƙin duniya na biyu, wanda Jamusawa suka tsare shi kimanin shekara biyu a cikinsa, ya koma jami'ar Oksfod a Ingila a 1949. Aikin da ya fi fito da sunansa a kan wani farin tsuntsun bakin teku ne da Faransawa ke kira gwelan. Bakin wannan tsuntsu rawaya ne, da ɗigon ja a ƙasa. Ɗan tsako idan yana jin yunwa sai ya riƙa saran ɗigon, uwar ta amayo masa abinci. Tinbergen da abokin aikinsa suka yanka kawunan tsuntsu na kwali, wani da jan ɗigo, wani da baƙi, wani babu ɗigo, suka riƙa nuna wa ƴan tsakin da suka ƙyanƙyashe yanzu, suna ƙirga sara. Da haka suka nuna cewa ɗan tsako yana zuwa duniya da shirin saran ɗigo, ba uwarsa ce ta koya masa ba.

Gwajin da na fi so shi ne na ɓawon ƙwai. A wani wuri da ake kira Ravenglass a arewacin Ingila, ya lura cewa wata ƴar uwar gwelan mai baƙin kai tana ɗauke ɓawon ƙwai daga sheƙa bayan ƙyanƙyasa, ta kai shi nesa ta yar. Aikin ƴan daƙiƙoƙi ne a shekara guda. Dubban mutane sun gani sun wuce, shi ya tsaya ya ce don me? Ya yi zaton farin cikin ɓawon ne ke tona asirin sheƙa ga hankaki. Zato ba hujja ba ne, saboda haka shi da ɗalibansa suka jera ƙwai cikin tuddan rairayi, suka ajiye fasasshen ɓawo kusa da kowane. Inda ɓawon yake santimita 15 daga ƙwan, masu sata sun ɗauke kashi 42 cikin 100. A mita ɗaya, kashi 32. A mita biyu, kashi 21. Sai wata tambaya ta taso: in haka ne, me ya sa uwar ba ta ɗauke ɓawon nan take, sai ta ɗan jira? Suka ci gaba da kallo, suka ga maƙwabtanta na haɗiye ɗan tsako idan yana jiƙe, amma idan ya bushe gashinsa ya tashi ya fi ƙarfin haɗiya. Uwar tana jira ne ɗanta ya bushe kafin ta bar shi.

A 1963 ya rubuta cewa duk ɗabi'ar dabba tana da tambayoyi huɗu: me ke tayar da ita a lokacin, yaya take girma tare da dabbar tun tana ƙarama, wane amfani take yi mata wajen rayuwa, kuma mene ne tarihinta cikin dangin dabbar. A 1973 aka ba shi kyautar Nobel ta fannin likitanci, tare da Konrad Lorenz da Karl von Frisch mai nazarin zuma. Alhaji, ka ji fa, ta fannin likitanci. Wani abin dariya kuma, wansa Jan Tinbergen ya riga shi samun Nobel ta tattalin arziki a 1969. Gida ɗaya ya fitar da mai lissafin kuɗin ƙasa da mai kallon tsuntsu, duniya kuma ta auna su da mudu ɗaya.

Tunda kan ƴa mace aka zo mini, bari in ƙara da wannan. Cikin ɗaliban Tinbergen akwai wata mace, Esther Cullen, wadda ta zauna a tsibiran Farne tana nazarin wata ƴar gwelan da ke sheƙa a jikin dutse mai tsayi, sama da ruwa. A 1957 ta fitar da sakamakonta. Wannan tsuntsuwa ba ta damu da ɗauke ɓawon ƙwai ba, domin mai sata ba ya iya kai wa gare ta. Ƴan tsakinta ba sa yawo, domin wanda ya gusa ya faɗa teku. Iyayen kuma ba sa saurin gane ƴaƴansu, domin babu yadda za a yi su cuɗanya da na maƙwabta. Har yau ana koyar da aikin matar nan a jami'o'i.

Akwai abin da ban ɓoye wa yarana ba. A 2009 wani masani a jami'ar Layden, Carel ten Cate, ya koma kan takardun gwajin jan ɗigo. Ya gano cewa a gwajin farko ƴan tsaki sun fi saran baƙin ɗigo, cewa Tinbergen ya danganta hakan da yawan nuna musu jan da aka yi har suka gaji da shi, ya gyara lissafinsa ba tare da ya gwada wannan dalili ba, kuma daga baya littattafai suka riƙa ba da labarin a share kamar ba a taɓa samun tangarɗa ba. Ten Cate da ɗalibansa suka sake gwajin, suka tarar dalilin Tinbergen daidai ne, amma hanyar da ya bi ba daidai ba ce. Wannan shi ne darasin da ya fi kowane: a kimiyya, ko mai Nobel ana iya bin sawunsa a duba. Mu kuwa a azuzuwanmu, yaron da ya ce "Mushe, yaya aka sani?" shi ne mara kunya.

To, wani zai ce duk wannan labari ne mai daɗi, ina amfaninsa? Ga amfani. A kudancin tekun Indiya Faransa na da wasu tsibirai, Kuroze da Kergelen, inda ba kowa sai masu bincike da ma'aikata. Can wani masani, Henri Weimerskirch, ya shafe fiye da shekara 40 yana bin wani ƙaton tsuntsu da ake kira albatiros, wanda buɗin fikafikansa ya haura mita uku. Tsuntsun nan ba ya fara ƙwai sai ya kai wajen shekara goma, ƙwai ɗaya yake yi, kuma sau ɗaya a shekara biyu. Saboda ana sa musu zobe a ƙafa ana ƙirga su kowace shekara, aka ga manya suna raguwa. A 1990 shi da Pierre Jouventin suka fitar da sakamakon bin tafiyarsu ta tauraron ɗan Adam, aka ga suna yin dubban kilomita a fita ɗaya ta neman abinci, har wuraren da jiragen kamun kifi suke. Jiragen na jan doguwar igiya mai dubban ƙugiyoyi, irin mamarin masuntanmu amma mai tsawon kilomita da yawa. Tsuntsu ya kai wa abincin ƙugiya cafka, igiya ta ja shi ƙasa ya nutse. Da aka gane haka aka samo magani mai sauƙi: a sa wa igiya nauyi ta nutse da wuri, a jefa ta da dare, a rataya tsummoki masu korar tsuntsu. A 2001 ƙasashe suka sa hannu kan yarjejeniyar kare waɗannan tsuntsaye.

Abin bai tsaya nan ba. A 2020 Weimerskirch da abokan aikinsa suka fitar da sakamakon wani aiki inda suka ɗaura wa albatiros kusan 170 ƴar na'ura mai jin rada ta jiragen ruwa. Tsuntsun da ma bin jirage yake yi. Sai aka tarar fiye da kashi ɗaya cikin uku na jiragen da suka ci karo da su a ruwan da ba na kowace ƙasa ba sun kashe na'urar da ke bayyana inda suke. Tsuntsu ya zama ɗan sintiri. Wanda ya san halinsa ne kawai zai iya tunanin ba shi wannan aiki, sanin hali kuma daga zama a kalla yake farawa.

Yanzu mu zo kan tambayar Alhaji: ina teku a Nijar? Babu. Amma wa bai san jan-baki ba? Wa bai taɓa ganin yara kan rumfa a gona tun asuba suna kaɗa gwangwani, suna ihu har murya ta dushe ba? Yara nawa ke rasa makonnin farko na shekarar karatu saboda korar tsuntsu? Mutumin da ya yi wa jan-baki nazari mai zurfi a yankinmu wani Bature ne, Peter Ward, wanda ya yi aiki a arewa maso gabashin Najeriya wajen tafkin Cadi, ya fitar da sakamakonsa a 1965. Ya nuna cewa asalin abincin jan-baki ƴaƴan ciyawar daji ne, cewa idan ruwan farko ya sauka ƴaƴan ciyawa suka tsiro sai abinci ya yanke masa ya yi ƙaura, kuma kashe miliyoyinsa ba ya rage yawansa na dogon lokaci, domin da ma yunwa na kashe da yawa kowace shekara, sauran su hayayyafa su cike gurbi. Wannan ilimi ne ya sa masana suka koma ba da shawarar a tsare gonar da ke cikin haɗari a lokacin haɗarin, maimakon a bi tsuntsu daji da feshin guba wadda ke kashe har waɗanda ba su ci hatsin kowa ba. A 1973 Ward da Amotz Zahavi suka kawo ra'ayin cewa tsuntsaye na taruwa wuri ɗaya ne don wanda bai samu abinci ba ya bi wanda ya samu, kuma masu nazarin tsuntsayen teku sun daɗe suna gwada wannan ra'ayi a kan nasu tsuntsayen. Ka ga ilimin bakin tafkin Cadi ya je teku. Hanya ɗaya ce, tana zuwa tana dawowa.

Ita kanta shamuwar tsamiyarmu fa? Kowa ya san zuwanta bushara ce ta damina. Amma ina take zuwa da rani? Me take ciyar da ƴaƴanta? A farkon shekarun 2000 wasu masu bincike ƴan ƙasar Danmak suka zo nan Nijar, suka ɗaura wa shamuwa na'ura suka bi ta har gabashin Afirka, wajen Tanzaniya, suka kuma auna yadda take cin fara a kudu maso gabashin ƙasarmu. Ban ce sun yi laifi ba, Allah ya saka musu. Abin da ke ci mini rai shi ne, tsuntsuwar da ke sheƙa a tsakar gidajenmu tun kaka da kakanni, sai da baƙo ya zo daga ƙasar sanyi ya rubuta tarihin tafiyarta. Yaran da za su iya wannan aiki suna nan, mun kore su daga gindin tsamiya mun ce su koma aji su kwafi taƙaitaccen darasi.

Ba zan yi wa iyaye ƙarya ba, tsoronsu yana da tushe. Hanyar doguwa ce. Bayan bak akwai shekara uku na lisans, biyu na masta, aƙalla uku na doktora, shekara takwas ke nan idan babu yajin aiki ko shekarar da ta lalace. Bayan nan ma aikin dindindin ba ya zuwa da sauri, ko a Turai. Tim Birkhead na jami'ar Shefil ya fara bin wasu tsuntsayen teku a tsibirin Skomer tun 1972, amma a 2014 aka yanke masa kuɗin aikin, sai da ya roƙi jama'a ta intanet kafin ya ci gaba. Aikin kuma ya fi tsawon ran mai yin sa. A 1956 Chandler Robbins ya sa wa wata albatiros zobe a tsibirin Midway cikin tekun Pasifik. Shi ya rasu a 2017, ita kuwa a ƙarshen 2024 an gan ta ta sake yin ƙwai, tana da shekara 70 da ɗoriya. Wanda ke son ya yi kuɗi kafin shekara 30, wannan ba hanyarsa ba ce. Uban da ya sayar da tunkiya ya biya kuɗin karatu yana da haƙƙin ya tambayi ranar girbi.

Sai dai mu yi wa kanmu adalci. Masu digirin lauya nawa ke zaune a fada suna shan shayi? Masu digirin tattalin arziki nawa suka ƙare a koyarwar kwantaragi? Hanyar da muke kira tabbatacciya ta cika maƙil. A gefe guda muna da jami'o'i a Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa, muna da cibiyar binciken noma ta INRAN, muna da AGRHYMET a Yamai, muna da gandun dajin W da ma'aikatar kare tsirrai, kuma duk suna buƙatar mutanen da suka iya fita daji su ƙirga, su auna, su rubuta gaskiya. A Jos ta Najeriya akwai cibiyar nazarin tsuntsaye ta APLORI da ke horar da ɗaliban Afirka ta Yamma a matakin masta. Kuma ko yarinyar nan ba ta zama mai nazarin tsuntsu ba, me ta yi asara? Likitan da ya iya duban mara lafiya da kyau, da malamin gona da ya iya gane cutar dawa tun ganye bai bushe ba, duk ido ɗaya suke aiki da shi. Ba a sayen wannan ido a jami'a, tun firamare ake wasa shi.

Laifi tudu ne, don haka bari in sauko kan namu, mu malamai. A makarantar horar da malamai an koya mana cewa darasin kimiyya daga lura yake farawa, sai tambaya, sai gwaji, sannan taƙaitawa. Mun rubuta haka a jarrabawa mun ci. Da muka shiga aji sai muka yanke ukun farko muka riƙe na ƙarshe. Muna zana tsuntsu a allo da alli alhali na gaske yana kuka a kan taga. Yaro zai haddace cewa tsuntsu na da fikafikai biyu da baki da gashi, ya samu goma bisa goma, bai taɓa zama minti biyar ya kalli yadda balbela ke bin shanu ba, balle ya tambayi abin da take samu a wurinsu. Muna fakewa da rashin kayan aiki. Na yarda ajinmu ya cika, littafi ɗaya yara biyar, wasu azuzuwan ma na zana ne. Amma gwajin ɓawon ƙwai jika nawa zai ci? Wanda ya ce mini fita waje ba ya cikin tsarin karatu, ina roƙonsa ya sake buɗe tsarin ya karanta, zai tarar da kalmar lura tun shafukan farko.

Masu ganin abin bai dace da tarbiyyarmu ba kuma, su tuna cewa a cikin Alƙur'ani hankaka ne ya nuna wa ɗan Adam yadda ake binne gawa, kuma alhudahuda ne ya kawo wa Annabi Sulaimanu labarin Saba'u. Manomanmu da makiyayanmu ma masu lura ne. Tsoho zai dubi inda tsuntsu ya yi sheƙa da lokacin da ya zo ya faɗa maka abin da yake zato game da damina. Abin da ya rage shi ne a rubuta, a ƙirga, a gwada a ga wanne ya tabbata. Makaranta ce ya kamata ta ƙara wannan, sai ga shi ita ke raba yaro da abin da kakansa ya sani ba ta ba shi madadinsa ba.

Roƙona ga malamai kaɗan ne. Minti 30 a mako a waje, da kaye da biro. A zaɓi tsuntsu ɗaya ko itace ɗaya a bi shi shekara guda. A rubuta ranar da shamuwa ta fara sauka a garin, a ajiye takardar a ofishin darakta, baɗi a ƙara, wanda ya gaje ka ya ci gaba. Bayan shekara 20 makarantar ƙauye za ta mallaki abin da babu shi a kowane littafi. Ga iyaye kuma: idan yaro ya zo da tambayar da ba ku da amsarta, kada ku ce masa ya cika surutu. Ku ce ya je ya duba ya dawo ya faɗa muku. Idan ƴarku ta ce tsuntsun teku za ta karanta, ku tambaye ta abin da ta gani a tsamiya yau.

Kayen yarinyar nan yana hannuna lokacin da nake wannan rubutu. A shafi na huɗu ta rubuta cewa da rana tsaka shamuwa ɗaya takan tsaya a kan sheƙa ta ba rana baya, ta ɗan saki fikafikai. A ƙasa ta sa alamar tambaya, ta rubuta: inuwa take yi wa ƙwan, ko ita ce ke jin zafi? Ban faɗa mata amsa ba. Na ce ta yi tunanin yadda za a gwada. Alhaji, ƙofar ajina a buɗe take, ka zo ranar Talata da ƙarfe goma, akwai tabarma a gindin inuwa.